Tuwon Bayan Kanta

Ƙanwata ta zo mini ne da hantsi, lokacin da layin masu sayen waakye ya fi tsawo. Tun ina budurwa nake sayar da shinkafa da waken nan a unguwar Nima, bakin babbar gota, wato magudanar ruwa, kuma wanda ya san ni ya san in ina zuba wa mutane ba na ɗaga kai daga tukunya, ko wane ne ya zo wucewa. Ran nan sai na ji layin ya yi tsit. Na ɗago, sai ga ta tsaye ta danne baki da gefen mayafi, mayafin ya jiƙe har jini yana ɗiga a kan silifas ɗinta. Da ta sauke hannu na ga leɓenta na sama ya tsage gida biyu, haƙoran gaba kuma babu su.

Maganar ba ta fita sosai, amma na ji abin da ta ce.

"Yaya, kai ni polis."

Mu biyu iyayenmu suka bari. Mahaifinmu daga arewa ya zo, ya ƙare rayuwarsa yana gadin shaguna a unguwar Adabraka, mahaifiyarmu kuma ba ta jima bayansa ba. Ni ce mai baki, ita ce mai haƙuri, haka aka raba mana tun muna yara. Tela ce, hannunta yana da kyau, amaren Nima da Maamobi suna rububinta. Mijinta gyaran waya yake yi a kasuwar Circle, mutum ne mai fara'a a waje, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kamar ka ba shi ajiya. Suna zaune da 'ya'yansu biyu a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya a Maamobi, irin gidan da in maƙwabci ya yi tari kowa zai ce masa sannu. Saboda haka ba wanda bai san yana dukanta ba. In ya fara, maƙwabta sai su ƙara muryar rediyo, in ya gama matan gidan su kawo mata ruwan zafi da man kaɗe.

Ba wannan ne karon farko da ta zo mini da rauni ba. Mun sha zuwa gun baffanmu, ƙanin mahaifinmu, wanda ya ba da aurenta. Mun je gun limamin unguwarsu. Ko yaushe abu ɗaya muke dawowa da shi, a yi haƙuri. Amma ba ta taɓa ambaton 'yan sanda da bakinta ba sai ran nan, da ya kama ƙeyarta ya buga fuskarta a kan keken ɗinki don ta tsaya auna wata amarya, shayinsa ya makara. Na miƙa wa mai sayar da wagashi, wato cuku, da ke gefena ludayi, na ce ta sallami mutane, na tare tasi.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa fushina daɗi ba: a ofishin 'yan sanda ba a wulaƙanta mu ba. Akwai ɗakin da aka ware don rikicin cikin gida, muka tarar da wata 'yar sanda, babbar mace, ta taɓa aiki a arewa, tana jin Hausa tsinci-tsinci. Ta ba ƙanwata kujera, ta ɗauki hoton bakin, ta tura mu asibiti aka ɗinke leɓen. Da muka dawo ta zaunar da mu ta ce akwai doka a kan wannan, kuma kotu tana iya ba da umarni a hana shi zuwa inda take, ko gida ko shago. Ta tambayi ƙanwata me take so. Ƙanwata ta ce ita ba ta neman a ɗaure shi, ba ta neman diyyar haƙori. Abu ɗaya take so, kada a sake mayar da ita ɗakin nan. A bar ta ta zauna guna da 'ya'yanta, ta yi ɗinkinta.

'Yar sandar ta ce, "Zai yiwu paa, sosai ma. Ke dai ki tsaya da ƙafarki."

Motar ofis wai ba mai, sai mu muka ɗauki tasi muka kai 'yan sanda biyu Circle suka ɗauko shi daga rumfarsa. Yana murmushi ya shigo motar, har da ce mini, "Yaya, ina kwana?" Washegari aka kai shi kotu. Alƙali ya dubi hoton, ya dubi takardar likita, ya ce a mayar da shi hannun 'yan sanda a tsare shi bayan kanta har zama na gaba. Wallahi ran nan da ƙafa na taka daga bakin titi zuwa gida ina jin kamar an yi mini kyautar kujerar Makka. Na ce ashe gwamnatin nan tana da amfani, mu ne ba mu san ƙofarta ba.

Ba mu gama murna ba kofur ɗin da ke zama a kanta ya kira ni a waya. Ya ce ofishinsu ba gidan abinci ba ne, ba su da murhu, wanda aka tsare danginsa ne ke ciyar da shi. Na ce to ai yana da uwa, Hajiya tana nan Maamobi da ranta da lafiyarta. Na aika mata. Amsar da ta dawo ita ce, wanda ya kulle mata ɗa shi zai ciyar da shi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na ce madalla, to ya ci ƙarfen ƙofa.

Ƙanwata tana kwance a ɗakina, koko kawai take iya sha, shi ma ta gefen baki. Ta ture kofin.

"Yaya, uban yarana ne. Ya ina sha shi yana kwana da yunwa?"

Na zage ta, na zagi mijin, na zagi uwar mijin, sannan na zuba waakye a roba, har da ƙwai, na kai da kaina don dai a zauna lafiya. A nan na koyi dokar kanta. Duk wanda ya kawo wa tsararre abinci sai ya ci a gaban ɗan sanda tukuna, don kada a sa guba ko wani abu a ciki. Na ci loma, kofur ya juya abincin da cokali, aka miƙa ciki. Ban kai ƙofa ba aka kira ni, ga robar an dawo da ita ba a taɓa ba. Wai ya ce shi ba ya cin abincin kan titi. Tuwon matarsa yake so, kuma ita za ta kawo da hannunta, in ba haka ba ya gwammace ya mutu.

Na yi dariya na raba wa sauran 'yan ciki. Amma da gaske yake. Ya ƙi ci, ya kwanta a siminti yana nishi. Kofur ya yi ta kira, yana cewa in mutumin nan ya faɗi a hannunsu su za a tuhuma, kuma shari'armu ce za ta lalace. Hajiya kuwa ta taso daga Maamobi ta zo ta zauna a bakin lungunmu, ta ɗora hannu a ka, duk wanda ya zo wucewa sai ta gaya masa ana kashe mata ɗa da yunwa. Matan gidanmu suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace da sannu a baki da nasiha a ƙarƙashi. Wata tsohuwa da ta yi mana wankan jego mu duka ta riƙe hannun ƙanwata ta ce, "Shari'a daban, abinci daban. Ki dafa don Allah, ba don shi ba."

Wanda bai tashi a zango ba, wato unguwannin Hausawa irin namu, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Mu ba a hana mutum abinci. Matar da kuka shekara ba kwa ga maciji, in azumi ya zo sai ki aika mata da koko da ƙosai, ita ma ta aiko miki, gobe ku ci gaba da gabarku. Baƙon da ya sauka daga motar arewa bai san kowa ba, kafin a tambaye shi sunansa an ajiye masa kwano. A wurinmu abinci tsakaninka da Allah ne, ba ya nufin an shirya, ba ya nufin an yafe. Ko kusa bai zo mana a rai ba cewa akwai inda za a karanta shi da wata ma'ana. Ni da kaina na hura mata gawayi.

Ta tuƙa tuwon zafi, ta kaɗa miyar ayoyo, wato lalo, ta yi jar miya da yaji kamar yadda yake so, na raka ta. Kofur ya buɗe kwanon, ƙamshi ya cika ofis. Na kai hannu zan ɗanɗana, ya ce a'a, ita ta dafa, ita ta kawo, ita za ta ci.

Na ce, "Ofisa, dubi bakinta mana. Ɗinki ne fa."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba. Ya tura mata kwanon ya ce da yaren Twi, "Ka hwɛ," wato ta ɗanɗana.

Ta gutsuri tuwo kaɗan, ta dangwali miyar, ta karkatar da kai tana neman inda za ta sa shi. Da yajin ya taɓa ɗinkin na ga hawaye sun zubo mata, amma ba ta yi ƙara ba. Ta haɗiye. Kofur ya ce ta ci naman ma. Da me za ta tauna? Ta tsotsa ta haɗiye shi haka nan. Duk wannan mijin yana tsaye a bayan ƙarfe yana kallo, ga 'yan ciki sun taru a bayansa suna haɗiyar yawu. Da aka miƙa masa ya kai loma, abin da ya fara cewa shi ne, "Tuwon ya huce. Gobe ki yi sauri."

Ban taɓa jin ina son kashe mutum ba sai ran nan, kuma ban tuba daga jin hakan ba har yau.

Haka ta yi ta kaiwa safe da yamma duk kwanakin da ya yi a tsare. Ɗinkin ya ƙi kamawa, ya kumbura, sai da aka sake ɗinkewa. 'Yan ciki suka sa mata suna matar kirki, suna yi mata tafi in ta shigo, don yana ɗan sammusu. Kofur ma ya saba da ita, yana ce mata da duk matan da ke kawo ƙara irinta ne da aikinsu ya yi sauƙi. 'Yar sandar nan mai kirki ta gan mu sau ɗaya da kwano a hannu, ta tsaya, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai aka kira ta daga ciki ta wuce. Na sha tunanin abin da ta so faɗa.

A kwanakin nan ne manya suka fara sintiri a gidanmu. Baffa, da liman, da mai gidan hayarsu, da wasu dattawa daga ƙungiyar masu gyaran waya. In sun zo sai a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, a yi doguwar gaisuwa kamar ba abin da ya faru. Ba wanda ya ce mijin ya kyauta. Kowa cewa yake ya yi laifi, amma fa ba a kai miji gun hukuma, ba tarbiyyarmu ba ce, gobe yaran nan za a nuna su a ce uwarsu ce ta ɗaure ubansu. Baffa ya gyara zama ya ce, "Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Na ce, "Baffa, wane haƙorin? Ai ya zubar da su."

Ya ce in rufe masa baki, ba da ni ake magana ba, da ma mace mai zaman kanta ba ta san darajar aure ba. Mijina rasuwa ya yi, Baffa kuma shi ya yi masa salla, amma ran nan haka ya kira ni a gaban mutane. Ƙanwata dai kanta a ƙasa. In sun tafi sai ta ce mini, "Yaya, ba na komawa. Ko me za su ce, ba na komawa." Na yarda da ita, kuma har yanzu na san da gaske take.

Ranar zama na biyu muka iso kotu muka tarar da su sun riga mu, sun cika benci biyu da manyan riguna, ƙamshin turare har bakin ƙofa. Hajiya tana bayansu da carbi. 'Yan Circle sun ɗauko masa lauya, wani saurayi mai laushin murya. Mu kuwa mai gabatar da ƙara ne namu, ɗan sanda ne, tarin fayil a gabansa, sai da ya tambaye mu sau biyu wace ce mai ƙarar. Muka zauna tun safe ana ta kiran shari'ar wasu, satar waya, rikicin haya, faɗan 'yan tasha, har cikina ya fara kuka. Da aka zo kanmu, lauya ya miƙe ya ce ga dattawan al'umma sun zo da kansu suna roƙon kotu ta ba su dama su sasanta maganar a gida, tunda ma'auratan sun riga sun shirya tsakaninsu.

Na ce a raina, ƙarya kake, ɗan nan. Sai ya juya ga ƙanwata, tafinta yana mayar mata da Hausa.

"Tun da aka tsare mijinki, wa yake kai masa abinci?"

"Ni."

"Wa yake dafawa?"

"Ni."

"Kullum?"

"Kullum."

"Irin wanda ya fi so kike dafa masa, ko ba haka ba?"

Ta ce haka ne. Lauya ya buɗe hannu ya dubi alƙali, ya ce mai girma ya gani da kansa, matar da take tsoron mijinta ba ta bin sa har bayan kanta da tuwo mai zafi safe da yamma, kuma 'yan sandan kanta shaida ne. A nan ne na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi tun daga ka. Sai lokacin na gane yunwar da ya yi ta yi, da zaman Hajiya a bakin lungu, da cewa sai ita da hannunta. Ko wani ya kitsa masa, ko shi ya san hanya, Allah ne masani. Mu dai da hannunmu muka tuƙa musu hujja, muka ɗauka muka kai.

Alƙalin ba mugu ba ne, gajiyayye ne. Ya cire tabarau ya murza ido, ya tambaye ta ko wani ya tilasta mata kai abincin. Ta waiga. Ga Baffa, ga liman, ga Hajiya, ga tsohuwar da ta yi mana wankan jego, duk idonsu a kanta. Wa za ta nuna? Ba wanda ya sa mata wuƙa a wuya. Ta ce ba wanda ya tilasta mata. Ya ce to ta yarda a je gida a sasanta? Doka ta ba da dama in ita ta amince, in kuma ba ta amince ba shari'a za ta ci gaba. Mai gabatar da ƙara yana duba wani fayil daban. Baffa ya yi gyaran murya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Mai shari'a, ƙarya ne! Tuwo ne kawai ya kai, ba shiri ba ne! Dubi bakinshi, a tambaye shi me yake so!" Ina nufin ƙanwata, amma in raina ya ɓaci Hausar zango ce take fito mini, ba ruwanta da mace ko namiji. Alƙali ya buga tebur, 'yan sanda biyu suka riƙe ni suka fitar da ni waje kamar buhun gawayi. Ta taga na hango sauran. Na ga ƙanwata ita kaɗai a tsaye a cikin akwatin nan, na ga ta sunkuyar da kai, na ga ta gyaɗa shi. Alƙali ya rubuta. Ya ba da belin mijin a hannun dattawa, ya ce su dawo su gaya wa kotu yadda aka ƙare, ya kuma ja masa kunne cewa in ya sake taɓa ta zai gamu da fushin hukuma. Maganar hana shi zuwa inda take ba wanda ya sake tayar da ita.

An yi sulhun bayan la'asar a tsakar gidan Baffa. Maza a kan kujerun roba, mu mata a baya kusa da murhu. Liman ya yi wa'azi mai kyau, ban ƙi ba, ya ce Annabi bai taɓa dukan mace ba. Sannan wani dattijo ya ɗora da cewa ko da rai ya ɓaci, a guji fuska. Mijin ya ce ya ji, sharrin shaiɗan ne. Ya ajiye turmin atamfa da ƙullin goro, aka ce ya kyauta. Na ɗauka an gama, sai Baffa ya ce saura ita. Ita ma ta yi laifi, ta kai uban 'ya'yanta bayan kanta, ta kunyata dangi biyu, ta sa tsohuwa kuka a titi. Sai ta nemi gafara.

Na yunƙura, mata biyu suka danne mini cinya. Ina kallo ƙanwata ta tashi, ta taka tsakar gidan nan, ta durƙusa a gaban Hajiya, sannan ta ja gwiwa zuwa gaban mijin. Da bakin nan da bai gama warkewa ba ta ce, "Ku yi haƙuri, na yi kuskure." Hajiya ta dafa kanta ta ce ta yafe duniya da lahira. Aka shafa fatiha, aka raba goro. Kafin magariba an kwashe kayanta daga ɗakina, an sa ta a tasi ita da yaran, an mayar da ita Maamobi. Ranar da dattawa suka koma kotu ba a ma nemi ta je ba. Baffa ne ya aiko mini cewa an kashe magana, in gode wa Allah.

Yanzu shekaru sun ɗan ja. Mijin ya riƙe nasihar dattijon nan da kyau, bai ƙara taɓa fuskarta ba. Haƙarƙari yake duka, da baya, da ciki, inda zane yake rufewa. Na koma gun 'yar sandar nan ni kaɗai, na tarar har yanzu tana nan, ta ƙara tsufa, benci cike da mata. Ta gane ni. Ta ce ƙofa a buɗe take, amma sai mai abin ta zo da kanta, kuma ta sani in an je kotu za a ɗauko cewa an taɓa sasantawa. Ta ce mini kafra, wato sannu, ta kira ta gaba. Da na gaya wa ƙanwata sai ta yi ɗan murmushi, hannu a kan baki kamar yadda ta saba yi yanzu.

"Yaya, na je fa. Kin ga yadda na dawo."

Na ce ta gudo, ta ce ina? Nima da Maamobi titi ɗaya ne ya raba su, kafin ta kwana Baffa ya zo da tawaga. Na ce mu tafi arewa, ta ce gun wa? Ba mu san kowa a can ba sai sunan garin mahaifinmu. Kuma Hajiya ta riga ta rantse, ranar da ta sake fita, yaran ba za su bi ta ba.

A bara ta fara zuwa mini da ƙulli. Takan biyo da hantsi, tana tafiya a hankali, hannu ɗaya a kan kwiɓi, ta ajiye leda a ƙarƙashin teburina ta ce in kai mata ɗaki. Na ɗauka ɗinkin mutane ne take ɓoyewa kada ya yayyaga, don ya taɓa yi. Wata rana na buɗe. Kayan yara ne, sababbi, an goge an ninke. Rigunan makaranta, da na Salla, da ɗan hijabi. Na ɗaga rigar 'yarta mace na ga ta yi mata girma nesa ba kusa ba, sai nan da shekaru za ta cika ta. Na buɗe sauran ledojin, kowace ta fi ta baya girma. A cikin ta ƙarshe har da doguwar riga irin ta budurwa, alhali yarinyar ko haƙoran madara ba ta gama zubarwa ba.

Da ta dawo na jawo ta bayan rumfa na ce, "Mene ne wannan?"

Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ba kowa ya san jikinsu kamar ni ba. In wani abu ya faru, ki riga Hajiya zuwa. Ko silifas ba ki sa ba, ki je ki ɗauko su."

Na ce ta daina wannan magana, ba abin da zai faru, Allah yana nan. Ta ce ta sani. Ta gyara mayafi, ta ce ta bar wake a wuta, ta tsallaka titi ta shige lungun Maamobi. Na koma kan tukunya, mutane suna jira, na zuba musu ina kuka suna tsammanin hayaƙi ne.

Makon jiya ta kawo wata ledar. Akwatina ya cika, sai na kwashe zannuwana na ba su wuri.